Gidan da Ke Bakin Mayo

Na daɗe ina gaya wa 'yan ajinmu a lise, wato makarantar sakandare ta Garwa, cewa gidanmu yana kan tudu, can unguwar manyan ma'aikata, inda ko akuya sai ta yi wanka kafin ta fito titi. Alhali kuwa a bakin mayo muke. Mayo shi ne rafin nan da ke bushewa da rani ya zama filin yashi, damina na kankama kuma ya tuna cewa shi rafi ne. Kowace shekara da kwaɗi muke kwana. Akwai safiyar da na farka na tarar takalmina ya bi kogin Binuwai, ina jin yanzu ya yi aure a Najeriya.

Bara ma'aikatan meri, wato hukumar gari, suka zo da jan fenti suka gicciya wa bangonmu ƙatuwar alama. Ma'anarta nan hanyar ruwa ce, za a rushe, mu koma filin da aka ba mu a bayan gari. Ni dai ban damu da rushewar ba. Fargabata kada wani ɗan ajinmu ya sani.

Sai ga malaminmu na labarin ƙasa, wanda muke kira Mesiye, ya ce yau ba zama a aji, za mu je mu ga yadda ake gini inda bai kamata ba. Na fi kowa murna. Muka fito muna tsalle. Muka wuce kasuwa, na ce ba komai. Muka karya kwana wajen mai faci, na fara rage sauri. Da muka gangara ta gaban injin niƙan da nake kai wa Inna masara, na roƙi Allah ya aiko da ambaliyar yanzu-yanzu ta tafi da ni.

A ƙofar gidanmu Mesiye ya tsaya.

Na ari hular abokina, wani dogon Bafulatani ɗan garin Guider, na ja ta har hanci na laɓe a bayansa.

"Ku dubi gidan nan da kyau," in ji Mesiye. "Me kuka lura?"

Wani ya ce, "Mesiye, mai gidan nan kifi ne."

Aji ya fashe da dariya. Ni ma na yi. Kai, tawa ta fi ta kowa ƙara, har da dukan cinya.

Muna cikin haka Babana ya fito. Mahauci ne, dawowarsa daga kwata ke nan, rigar aiki a jikinsa duk jini. Ya gaisa da Mesiye hannu biyu, ya yi wa ɗalibai sannu da zuwa. Idonsa ya bi mu ɗaya bayan ɗaya har ya iso kaina. Ya ga hular. Ya ga yadda na maƙale a bayan mutum. Ya kawar da kai.

Na fara numfashi ke nan sai ga ƙanwata, autarmu, ta fito a guje ba ko takalmi, ta ratsa mutane ta rungume ƙafata.

"Yaya! Yaya, ka zo da baƙi?"

Duk ajin suka juyo suna kallona. 

Baba ya tako a hankali ya ɗauke ta. "Ka yi haƙuri, ɗalibi," ya ce mini. "Haka take, duk wanda ta gani da kayan makaranta yayanta ne."

Ban taɓa jin Babana ya yi ƙarya ba sai ranar. Mutumin da ke gaya wa mai saye cewa naman jiya ne.

Mesiye ya tambaye shi cikin ladabi yadda aka yi ya gina a nan. Baba bai ɓoye komai ba. Ya ce da rani ya sayi filin, lokacin yara na ƙwallo a inda ruwa ke bi, wanda ya sayar masa kuma ya rantse ko raɓa ba ta sauka a wurin. Ya nuna mana zanen da ruwa ya bari a bango, daidai ƙirjinsa. Ya ce sabon filin da nisa daga kwata, famfo ma bai kai can ba tukuna, amma zai tashi kafin damina, don ya gaji da ɗora yara a kan kwanon rufi. Sannan ya leƙa ciki ya fito da kilishi a takarda ya raba wa kowa. Ya miƙo mini nawa kamar yadda ya miƙa wa sauran. Na ce na gode. 

A hanyar komawa abokina ya zare hularsa daga kaina.

"Baabanka mutumin kirki ne," ya ce da Hausarsa ta Fulani.

"Wane baba?"

"Haba, sooba, haba abokina. Kunnuwan nan naku kamar faifai, a duk Garwa ku biyu ne da su. Yana fitowa kowa ya gane. Mesiye ma ya gane, shi ya sa bai ƙara kallon wajenka ba."

Ashe duk ajin sun tsaya suna kallon dattijo yana yi mini ƙarya, suna cin kilishinsa, ba wanda ya ce uffan.

Da yamma na shiga gida kamar ɓarawon kaza. Baba na wasa wuƙa a tsakar gida. Na durƙusa na gaishe shi.

"Ɗalibi," ya ce bai ɗago ba, "an taso?"

 Inna ta leƙo daga madafa ta tambaya wane ne ɗalibi, Baba ya ce wani baƙo ne aka yi da rana.

Washegari na miƙe a aji na ce gidan da muka je namu ne. Ba wanda ya ko yi mamaki don ya taimake ni. Ranar Asabar abokina da wasu suka zo taya mu cire kwanon rufi. Mai maganar kifin nan shi ya fi kowa ɗaukar kaya, Baba kuma ya ba shi tsoka mafi girma.