Notin da Ya Ƙi Karyewa

Ana sallame sallar asuba muka bar Katsina, ni da wani abokina malamin makaranta. Shi ba abin da ya haɗa shi da inji. Ya dai ji an ce kaka ta yi a ƙasar Daura, ya ce ko ana ha maza ha mata sai ya bi ni ya sha furar sabon gero. Ni kuwa ba yawon buɗe ido ya fito da ni ba. Ga waɗanda ba su san ni ba a cikinku, ni bakanike ne, na haura shekara ashirin ina kwance injin manyan motoci, amma asalina ɗan wani ƙauye ne a gefen Babban Mutum. A can Injiniya ake kirana, kuma in na faɗi magana a kan ƙarfe, to ta zauna.

Kirana aka yi in ba da shaida. Ƙungiyar manoman garinmu tana da tarakta ɗaya da injin sussukar gero wanda taraktar ke juyawa. Ana tsakiyar aiki injin ya fashe. Shugaban ƙungiya ya ce gangancin direba ne, wani dattijo mai suna Malam Ilu, sai ya karɓe makullin taraktar daga hannunsa. Aka ajiye magana a gaban maigari sai na zo na duba. In na ce laifin direba ne, shi ke nan ya rabu da aikin da yake ci da iyalinsa, kuma ba mai sake ba shi tarakta a duk yankin, don irin wannan labari ba ya kwana a gari ɗaya.

Hanyar Mashi ba laifi, in ban da wasu ramuka da direbanmu ya san su kamar 'yan uwansa, yana kauce musu yana ci gaba da hira. Kuɗin mota kuwa kada ma a yi magana, abin da a da zai kai ka ya dawo da kai, yanzu kai ka kawai zai yi. A Mashi muka tsaya muka karya da koko da ƙosai. Babura ko ta ina, wasu an ɗaure musu buhu uku a baya, wani ma da raguna biyu a kwando, duk sun nufi hanyar Nijar. Abokin tafiyata ya ci ƙosai har mai suyar ta fara yi masa kallon tausayi, ya ce shi ba yunwa yake ji ba, bincike yake yi.

Da hantsi muka shiga Daura. Na ce kafin mu wuce bari in leƙa shagon wani ɗan ƙabilar Ibo mai sayar da kayan tarakta, in ji ko za a samu haƙoran giyar injin, tunda an gaya min a waya su ne suka zube. Mutumin ya daɗe a garin, Hausar bakinsa ta fi tawa daɗi. Ya ce sai an aiko daga Kano. Sannan ya tambaye ni wane irin noti suke sawa a wuyan shaf ɗin, wato sandar ƙarfen nan da ke ɗauko juyi daga bayan tarakta ta kai wa injin sussuka. Kafin in amsa ya zaro wasu fararen notina daga kwali ya zuba min a hannu. Na juya ɗaya, na yi dariya, na ce wannan ai taliya ce, ko da haƙori sai a tauna.

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Injiniya, ai don ya karye aka yi shi."

Ya ɗauko wani tsohon shaf ya ɗora a kan kanta ya nuna min. A ƙarshensa na wajen injin akwai faifan ƙarfe biyu da suka haɗa fuska, kuma noti ɗaya tak ne ya riƙe su. Duk ƙarfin tarakta ta cikin wannan notin yake wucewa. In wani abu ya shaƙe injin farat ɗaya, tarakta ba ta da hankalin tsayawa, za ta ci gaba da murɗawa, dole wani abu ya karye. Shi ne masu ƙirar suka zaɓi abin da zai karye tun kafin ranar ta zo, suka sa noti mai laushi, mai arha, wanda za a canza cikin minti biyar. Ya ce in ka sa mai tauri, ka ɗauke karayar daga kan noti ka kai ta cikin akwatin giya.

Wallahi nan take na tuna. Bara war haka shugaban ƙungiya ya bugo min waya yana ƙorafi, wai notin shaf sai karyewa yake yi, wani lokaci sau uku a wuni, aiki na tsayawa. Na yi masa dariyar masana. Na zaɓo baƙaƙen notina masu tauri, irin waɗanda muke ɗaure kan injin tirela da su, na ƙulle a leda na ba direban motar kasuwa, tare da saƙon cewa wannan har jikokinsu. A mota haka na saba, abin da ya cika karyewa a sa wanda ya fi shi ƙarfi. Ban taɓa tsayawa na tambayi dalilin da ya sa aka yi wancan da laushi ba.

Na sayi fararen notinan, ban ce masa komai ba, muka kama hanyar Zango.

Daga nan ƙasa ta buɗe. Damman gero a jere a gonaki, amalanken shanu suna tafiya a gefen titi ba sa sauri don kowa, can wani raƙumi yana cin ganyen aduwa. Abokina sai yaba amfanin gona yake yi, yana ta Masha Allah, ni kuwa ko kaɗan ba na gani. Lissafi nake yi a zuci, kuma ba zan ɓoye muku ba, ba duka ne mai kyau ba. A duk garin ba wanda zai iya kallon noti ya gane ko ya dace ko bai dace ba. Ina iya cire shi in jefa a aljihu, in ce ai ƙaddara ce, ƙarfe ya gaji. Ina iya cewa direba ya ɗan ƙara wuta. Ba wanda zai musa min. Na yi ta juya wannan a raina har muka sauka a Babban Mutum muka hau babura zuwa gida.

A gida aka tarbe mu da fura da nono, da ɗanwake ya sha mai da yaji. Abokina ya samu abin da ya zo nema. Tun daga zaure nake jin ƙarar taɓare daga kowane lungu. Yayata ta ce tunda injin ya tsaya mata suka koma sussuka a turmi, ta nuna min tafin hannunta duk kanta. Ta ce, "Kai dai ka zo ke nan, sai ka gaya musu gaskiya a samo mana direban kirki." Na sunkuyar da kai na ci gaba da shan fura.

Bayan azahar na tafi masussuka. Malam Ilu na zaune a inuwar taraktar, duk da ba makulli a hannunsa, an ce kullum nan yake wuni. Doguwar riga ba ta cikin tsarinsa, 'yar shara ce a jikinsa mai kama jiki. An san shi da korar duk mai babbar riga ko rawani daga kusa da shaf, ko wane ne, don abin yana juyi ɗari biyar da arba'in a minti ɗaya, in ya kama bakin riga ba ya jiran salati. Mun gaisa, na ce Baba ya haƙuri, ya ce haƙuri sai ma'aiki.

Na fara daga bayan tarakta. Ɗan guntun ƙarfen da ke leƙowa, wanda ake ɗaura wa shaf, mai tsaga shida, lafiyarsa lau, ya sha giris. Gwiwoyin shaf guda biyu, waɗanda ke ba shi damar juyawa ko da tarakta da injin ba su daidaita sosai ba, ba su da wasa ko kaɗan. Tsakiyarsa, inda bututu ɗaya ke shiga cikin ɗaya don ya miƙe ko ya gajarta, yana zamewa sumul. Rigar robar da ke rufe shi ta tsage, amma ya ɗinke ta da waya bai yar ba, alhali wurare da yawa cire ta ake yi a ce tana hana aiki. Wannan ba aikin mai ganganci ba ne. Duk inda na taɓa sai in ga hannun mutumin da ya san abin da yake yi.

Da na buɗe akwatin giya, haƙora uku na kwance a cikin baƙin mai. A cikin gangar injin kuma na zaro wani guntun itacen kanya mai kaurin hannun yaro. Na san shi sarai. A garinmu in ana ɗaurin gero, duk dami na goma akan soka masa itace a ciki, alamar na zakka ne, kada ya gauraya da sauran. Ranar da abin ya faru damman zakka ake sussukewa, mai gonar ya manta bai zare itacen ba, ya nutse a cikin zangarniya. Ashe abin da ke ta karya notin bara ke nan, kuma kowace karaya ceton injin take yi.

Sai na duba wuyan shaf. Ga baƙin notina nan daram, ko lanƙwasa bai yi ba. Na kwance shi da sifana, na riƙe. Na ɗaga kai, Malam Ilu na kallona.

Bayan la'asar aka taru a ƙofar gidan maigari, da liman, da shugaban ƙungiya, da manoma cike da tabarmi. Malam Ilu ya riga ya ce a shirye yake ya dafa Alƙur'ani, liman ya ce a dakata a ji ta bakin masani tukuna. Maigari ya ce, "To Injiniya, me ka gani?"

Na matso gabansa. Na ajiye itacen da baƙin notin da fari ɗaya a kan tabarma. Na ce, "Ranka ya daɗe, itacen nan ne ya shaƙe injin. Da farin nan ne a jiki, shi zai karye, a canza shi a ci gaba da aiki. Baƙin nan ne ya ƙi karyewa, giya ta karye a madadinsa. Kuma ni na aiko da shi. Malam Ilu ba shi da laifi ko na ƙwayar gero."

Wani tsoho a baya ya ce la'ilaha illallahu. Shugaban ƙungiya ya yi ta gyara hula, can ya ce gaskiya tun bara Malam Ilu ya gaya masa notin nan bai dace ba, shi ne ya ce masa ko ya fi Injiniya sani ne. Ya laluba aljihu ya miƙa makulli. Malam Ilu ya karɓa da hannu biyu. Na ce gyaran giya a wuyana yake, maigari ya ce Allah ya yi albarka, aka shafa fatiha.

Da za mu rabu na ja dattijon gefe, na ce Baba, ka san ni ne, me ya hana ka faɗa a gaban mutane duk tsawon makonnin nan? Ya ce, "Na faɗa sau ɗaya ba a ji ba. In na sake, a ce mai laifi na neman wanda zai jingina wa. Daga bakinka kaɗai za ta shiga kunne." Na ce to da na zo na rufe fa? Ya ce, "Da na koma noma."

Washegari da safe muka juyo, akwatin giya a cikin buhu a ƙarƙashin ƙafafuna, abokina kuma da ƙullin fura a cinya. Mun biya ta Daura na gaya wa mai shagon ya aika Kano, na kuma gaya masa abin da ban faɗa ba jiya. Ya kaɗa kai kawai, ya ce ba ni ne farau ba. Ana kiran magariba muka shigo Katsina, alhamdu lillahi, lafiya lau.

Abin da tafiyar nan ta koya min ba wai a kan ƙarfe kaɗai ba ne, ko da yake na koyi cewa sanin tirela ba sanin tarakta ba ne, kuma in ka ga abu mai rauni a jikin inji ka tambaya kafin ka gyara shi. Wanda ya fi damuna shi ne wannan. Da abu ya lalace a garinmu, ba a nemi wanda ya yi kuskure ba, an nemi wanda ya fi sauƙin canzawa. Mutumin ya faɗi gaskiya tun bara, amma ba shi da laƙabi, ni ina da shi. Makulli ya koma hannunsa, sai dai makonni ukun da ya yi yana wucewa ana nuna shi da baki, ba ni da sifanar da za ta mayar masa da su. Kuma har yanzu in na tuna irin lissafin da na yi tsakanin Zango da Babban Mutum, kunya nake ji, don saura ƙiris da dattijon nan ya koma noma.