Dakta Bubayero da Tohon Gawo

Bubayero ɗan Fulanin Toranke ne, irin waɗanda suka ajiye sanda suka kama fartanya. Yana ƙarami shanun gidansu suka ƙare, sai baffansa Malam Inuwa, wanda ya riƙe shi, ya ce tunda babu abin kiwo a kai shi boko. Daga firamare ya wuce sakandare a Gaya, daga nan jami'a, inda ya karanci ilimin gandun daji. Da labari ya iso gida aka yi ta dariya, wai an tura yaro birni ya rasa abin karantawa sai daji.

Aikinsa na farko bai yi daɗi ba. Mota guda ya ciko da dashen dogonyaro ya raba wa manoman Ajingi. Kafin damina ta zagayo awaki sun cinye rabi, rani ya ƙone sauran. Abokan aikinsa suka ce mutanen ƙauye ne ba sa son bishiya. Maganar ta yi masa ciwo, don mutanensa ake nufi.

Lokacin sharar gona ya zo gida, ya tarar da Malam Inuwa yana sare tohon da ya fito daga wani tsohon kututturen gawo.

"Baffa, da ka bar wannan. Saiwarsa ta yi nisa, ya fi duk abin da na kawo ƙwari."

Tsohon bai ko ɗago ba. "In ya girma ba nawa ba ne, Bubayero. Ranar da na sara wa akuya reshe, sai malaman daji su kira ni su tuhume ni. Gara in kashe shi tun yana ƙarami."

Daga wannan ranar bincikensa ya sauya hanya. Ya yi shekaru yana bin gonaki a kan babur, daga Toranke har Balan, yana duba kututtura, yana zama da manoma a gindin inuwa. Wasu sun ɗauka ɗan leƙen asirin malaman daji ne, suka ƙi kula shi. Da ƙyar ya samu waɗanda suka yarda su bar toho ya tashi a gefen gonarsu. Gawo da marke da kanya suka miƙe ba tare da ban ruwa ba, gero kuma ya fi kyau a ƙarƙashin gawon.

Ya rubuta abin da ya gani. Mujallar farko ta dawo masa da shi, ta ce binciken ya yi ƙauyanci. Sa'o'insa suka yi ta samun ƙarin girma suna wuce shi. Matarsa Larai ce ta hana shi jefar da takardun.

"Malam, in ka bari, wa zai faɗa wa mahukunta?" in ji ta.

Da aikin ya fito a wata mujallar, masu bincike a wasu wurare suka gwada, suka samu yadda ya ce, suka fara kafa hujja da shi. A ƙarshe aka gayyace shi kwamitin da ke sake duba ƙa'idojin itatuwan gona. Aka amince cewa wanda ya raini bishiya a gonarsa yana da ikon sassabe ta da cin amfaninta. Malam Inuwa bai ga wannan ba, ya rasu ana tsakiyar zaman kwamitin.

Ba duk abin da ya nema ya samu ba. Ya so a kare itatuwan da ke kan burtali domin makiyaya, aka ce a bari sai gaba.

Yanzu ciwon gwiwa ya raba shi da babur, sai dai ya hau adaidaita. Kwanan baya ɗalibarsa Khaula ta zo gidansa a Gaya tana murna, ta ce ta ga sunansa a wani sabon littafin da ake koyarwa da shi.

"Madalla," ya ce. "Sun yi maganar burtali?"

"A'a, Malam."

Ya jawo mata kujera. "To zauna, in gaya miki ta inda za ki fara."