Motar da Na Saya da Zafinta

Duk wanda ya daɗe a tuƙi ya san ba a sayen tsohuwar mota da rana. Da asuba ake zuwa, kafin mai ita ya taɓa makulli. Ka ɗora hannu a bonet, ka ji sanyi, sannan ka ce a tayar. Inji mai ciwo yana iya ɓoye ciwonsa in ya ɗauki zafi, amma da sanyin safiya ba ya iyawa. Na san wannan tun ina yaron mota. Duk da haka na sayi tawa da azahar, bonet ɗinta da zafi kamar murfin tukunya.

Na zo Kumasi daga arewa a bayan motar doya, ban kai shekara ashirin ba, ban san kowa ba. Wani dillalin goro a Zango ya ba ni wurin kwana a zaurensa. Shi ne maigidana. Shekara shida ina cin tuwon gidan. Matarsa, wadda duk muke ce wa Mma, ita take zuba mini, kuma ba ta taɓa bambanta kwanona da na 'ya'yanta ba. Autansu na sha ɗaukarsa a wuya in ruwa ya cika layi. Maigida ya rasu. Autan ya girma, ya je Makka, ya buɗe wurin sayar da motoci a bakin titi a Sofoline. Yana ce mini Kawu, ina ce masa Alhaji.

Ni kuwa dako na yi a babbar kasuwa har bayana ya ƙi. Na yi yaron mota a trotro, wato bas ɗin haya. Na tuƙa motocin mutane, kowa ya karɓe makullinsa ranar da ya ga dama. Na ƙarshe ya karɓe nasa don ɗan ƙanwarsa ya samu lasin. Ranar na ce ba na ƙara riƙe makullin wani. Abin da na tara da abin da matata ta tara a sayar da koko muka haɗa wuri ɗaya, don in sayi taksi. Ba mu da wani abu a baya. In motar ta ƙi, sai dai in koma dako, kuma bayan nan ba zai ɗauka ba.

Ina da aboki makaniki a Magazin, unguwar masu gyaran mota, ɗan Asante ne, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan Zango. “Masa” yake ce mini, wato oga. Da ya ji zan sayi mota ya ce, “Masa, tafi da ni in duba maka.”

Na ce ba zai yiwu ba. Ɗan maigidana ne. Ina ni ina kawo baƙo ya leƙa masa ƙarƙashin kaya?

Ya goge hannunsa da tsumma ya ce, “To. In ta mutu ka kai wa kunya ta gyara maka.”

Alhaji ne ya ce in zo bayan azahar. Da na isa na tarar motar tana aiki a tsaye, wankakkiya, tana ƙyalli. Ya tarye ni da hannu biyu.

“Kawu, wannan kai na ajiye wa. Wata tsohuwa ce ta hau ta a Turai, coci kawai take zuwa da ita.”

Na ga an tayar da ita kafin in zo. Na san abin da ya kamata in ce, wato gobe da asuba zan dawo. Hannuna har ya tashi zai taɓa bonet, sai na mai da shi aljihu. Muka zaga da ita titin Sunyani muka dawo, ba ta yi ko tari ba. Ya kawo takarda, na dangwala yatsa.

Kwana huɗu ta yi wurin masu fenti, aka shafa mata rawayan taksi a kusurwoyi. Safiyar farko a ƙofar gidana na murɗa makulli, ta yi gurnani ta yi shiru. Na sake. Sai a karo na biyar ta kama, tana girgiza, farin hayaƙi ya rufe layi har matata ta rufe bokitin kokonta. Bayan ɗan lokaci ta daidaita. Na ce zama ne ya yi mata yawa. Washegari haka, jibi haka. Kullum in cika lagireto da ruwa, da yamma in tarar ya ragu, kuma babu ɗigo a ƙasa.

Ranar da ta kunyata ni, wata mata na ɗauko da mijinta mara lafiya, za su babban asibiti. A hawan Bantama allurar zafi ta haye, tururi ya fito ta gaba. Na tsaya. Matar ba ta zage ni ba, da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta tallabi mijin suka tsaya a rana suna jiran wata mota.

Aka ja ta zuwa Magazin. Abokina ya buɗe murfin baƙin mai ya nuna mini. Man ya koma kamar shayi da madara.

“Kan injin ya tsage,” in ji shi. “Ruwa yana sauka ciki in ta kwana. An zuba mata maganin da ke toshe tsaga na kwana biyu.”

“Mai sayarwa zai sani?”

“Wanda ya zuba maganin dai ya sani.”

Ya sauya mini man don in iya motsa ta. Na tafi Sofoline na sami Alhaji a ƙarƙashin rumfarsa. Na gaya masa abin da aka gani.

“Haba Kawu, mota ai ƙarfe ce. Lafiya ka ɗauke ta, tare muka zaga. Wa ya san inda ka kai ta? Ko ka bar ta babu ruwa?”

“Shekara ashirin ina tuƙi.”

“To ai shi ya sa na yi mamaki.” Ya jawo takardar. “Ga shi nan a rubuce, ka saya yadda ka gan ta. Ga yatsanka.”

Na kalli yatsan. Nawa ne. Na tashi.

Abokina ya ce in je wurin 'yan sanda. Matata ta ce in je wurin Mma. Na ƙi duka biyun. Ba zan sa a ja ɗan gidan nan zuwa ofishin 'yan sanda ba, kuma tsohuwar idonta ya kusa rufewa, ban ga amfanin ɗora mata wannan ba. Na kai magana wurin limamin layinmu. Ya kira mu bayan la'asar a ƙofar masallaci.

A nan na sake yin wauta. Tuƙo ta na yi zuwa wurin zaman, ta iso da zafinta. Alhaji ya saurari duk abin da na faɗa, sannan ya miƙo hannu na ba shi makulli. Murɗawa ɗaya ta tashi, sumul, babu hayaƙi.

“Malam, kun ji da kunnenku,” in ji shi.

Man ciki sabo ne, ba ni da abin nunawa. Liman mutumin kirki ne, amma littafi ya sani, bai san inji ba. Ya ce a yi haƙuri da juna, zumunci ya fi ƙarfe. Mutanen da ke wurin suna kallona kamar wanda ya lalata abinsa ya zo neman wanda zai ɗora wa. Ba ni da bakin da zan yi gardama da Alhaji.

Daga nan ban je gida ba. Na wuce gidan maigida, na tsayar da motar a gaban zaure, daidai inda ake sauke goro a da. Na kashe ta na shiga ciki. Mma tana kan tabarma tana jan carbi. Na durƙusa na gaishe ta, na sa mata makullin a hannu.

“Mma, ajiya na kawo.”

Ta shafa shi. “Na motar da ka saya wurin ƙaninka ne?”

Ashe labari ya riga ni.

“Shi ne. Roƙona ɗaya, ki sa ya zo gobe bayan sallar asuba ya tayar da ita da hannunsa.”

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan.”

Ta ƙulle makullin a bakin zaninta. “Sai da ta ɓaci ka tuna hanyar gidan nan. Tashi ka je.”

Da asuba na tarar an fito mata da kujera bakin zaure. Mutane suna dawowa daga masallaci, wasu suka rage tafiya. Alhaji ya iso ransa a ɓace.

“Kawu, har wurin tsohuwa? Abin da aka gama jiya a gaban Malam?”

Mma ta ce, “Ni ma ban gane ba. Me ya sa sai da asuba?”

Na kama hannunta na ɗora a bonet. Raɓa ce a kai. Na ce, “Jiya da zafi aka gwada ta. Ran da na saya ma da zafi.”

Ta kwance makullin ta miƙa wa ɗanta. Ya shiga ya murɗa. Gurnani, shiru. Ya sake. Ya taka mai, ya sake. Gumi ya fara keto masa da sanyin nan. Da ta kama, hayaƙin ya taso fari fat ya shiga zaure, Mma ta hau tari tana kare hanci da mayafi.

“Kashe,” in ji ta. Ya kashe ya fito. “Ka san da wannan?”

“Mma, akwai takarda, shi da kansa ya...”

“Ni ban iya karatun takardarka ba, shi ma bai iya ba. Tambayarka na yi.”

Yana kallon ƙasa ya ce, “An ce mini maganin zai riƙe.”

Na ɗauka an gama, sai na ji ta juyo kaina.

“Kai kuma, da ka je saye, ka duba?”

“Ban duba ba.”

“Ba ka san yadda ake dubawa ba?”

“Na sani.”

“To me ya hana ka?”

Na ce, “Kunyar gidan nan.”

Ta buga sandarta a ƙasa. “Gidan nan? Shekara shida kana kwana a zauren nan, me ka gani? In baƙo ya zo sayen goro, mai gidan nan da hannunsa yake kwance huhu ya zazzage har ƙasa. In baƙon ya ce ya yarda ba sai an buɗe ba, me yake ce masa?”

Na tuna. Ni nake kwashe ganyen in an gama. Na ce, “Cewa yake, ka buɗe yau don mu gaisa gobe.”

“To. Ka bar wa yaro ƙofa a buɗe, ya shiga, yanzu ka zo kana ce mini kunya. Da ka ce masa sai asuba, da bai samu inda zai yi wannan abin kunyar ba.”



Ta yanke magana a wurin. Alhaji zai sayi wani inji, kuma makanikina ne zai zaɓa. Ladan aikin sauyawa ni zan biya. Alhaji ya buɗe baki zai yi magana, ta ce in ya fi son takardarsa, ya ɗauke ta ya je ya nemi uwa a cikinta. Ya rufe baki.

Ba zan ɓoye ba, hukuncin ya yi mini ciwo. An cuce ni, kuma an ce in biya. Sai da na yi mako uku babu aiki, kokon matata muke ci safe da yamma. Na yi ta juya maganar a raina ina zaune a Magazin ina kallon motata da cikinta a buɗe. Laifinsa dai laifinsa ne, ban taɓa sauke masa ba. Amma ran nan a Sofoline ba girmama shi na yi ba. Na ga motar tana aiki a tsaye, zuciyata ta faɗa mini, na yi shiru don kar in gano abin da ba na so in gano. Shi na kira kunya.

Ranar zaɓen inji da sassafe muka haɗu mu uku wurin masu sayar da tsofaffin injuna. A ƙasa suke jere, ana haɗa musu batir a tayar a gabanka. Kowanne sai na ɗora hannu na ji sanyinsa tukuna. Na farko da ɗumi, na ce a wuce. Na biyu abokina ya saurara ya girgiza kai. Alhaji yana tsaye yana duba agogo.

“Kawu, yau babu kunya ke nan?”

“Mma ta karɓe.”

Abokina ya yi dariya har ya zauna a kan taya. Alhaji bai yi ba. Na uku muka ɗauka, ya biya, ya tafi.

Tsakanina da shi yanzu gaisuwa ce. Yana ce mini Kawu har gobe, amma ba ya zama in na zauna, ni ma ba na tsayawa a Sofoline. Wani lokaci in na wuce da fasinja nakan hango shi a rumfarsa, in tuna nauyinsa a wuyana. Ba na danna ham.

Injin yana nan, bai taɓa shan ruwa ba. Ban koma dako ba, kuma makulli a aljihuna yake kwana.

Duk wata ni nake kai Mma asibiti a duba mata ido. Ba ta shiga sai ta lallaba da sandarta ta zagayo gaba ta ɗora tafinta a bonet. Na riga na tuƙo daga gida, dole ta ji zafi.

“Da zafinta,” takan ce. “Yau wa za ka cuta?”

Sai in buɗe mata ƙofa ta shiga.