Yadda Ƙarfen Nababa Ya Ci Tukunyata

Nababa ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goye shi, saboda haka in na faɗi halinsa ba gulma na yi ba. Sunana Tasalla, shinkafa da wake nake sayarwa a bakin kara, nan Birnin Gwari, inda ake cinikin shanu. Shekara goma sha tara ina wurin, ko sa bai taɓa taka mini murfin kwano ba, sai da ɗan'uwana ya ga dama.

Tun yana yaro Nababa ba ya ganin gwangwani ya wuce. Na madara, na tumatir, duk sai ya tsince, ya yanka ya yi mota, ya yi fitila. Babanmu manomi ne, ya so shi ma ya kama fartanya. To ya kama ɗin, amma in an je gona sai a tarar da shi a gindin ɗorawa yana gyara mata ƙota, ciyawa kuwa tana nan tana jiransa. Da Baba ya gaji ya kai shi Kaduna wajen wani maƙeri a Panteka. Ya yi shekara bakwai, ya dawo da guduma uku, da almakashin yankan kwano, da girman kai mai yawan gaske.

Ya buɗe rumfarsa bayan tasha. Tsohon durom, jikin motar da ta mutu, kwanon rufin da iska ta yaye, duk abincinsa ne. Da su yake ƙera murhun gawayi, bokiti, mazurari, akwatin amare, har ƙofar gida. Hannu kam Allah ya ba shi, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Matsalarsa ɗaya, bakinsa bai iya furta "ban sani ba". Tambaye shi abin da ke sa jirgin sama tashi, zai ajiye guduma ya yi maka bayani har shinkafarka ta huce.

Bara, damina ta yi nisa, sai ga Baba Obed ya zo nemansa. Dattijo ne daga wani ƙauye a yankin Randagi, abokin marigayi Babanmu, shi ne shugaban ƙungiyar manoman garinsu. Lokacin da daji ya ƙi zaman lafiya sun bar ƙauyen shekara biyu, suna raɓe a nan cikin gari. Da suka koma suka tarar rumbunansu na ƙasa duk sun zube, ruwa da gara sun gama da su. Suka daure suka yi shuka, Allah kuma ya ba masara kyau. Sai dai ba inda za a zuba ta. Ginin rumbu sai da rani, girbi kuwa saura sati shida. In ba wurin ajiya, ko ɓeraye da ƙwari su cinye, ko a sayar da ita a wulaƙance ranar da kowa ke sayarwa.

Baba Obed ya ce, "Nababa, rumbun ƙarfe muke so, guda arba'in, gida arba'in. Za ka iya?"

Ya ce, "Baba, ko ɗari ne."

Durom ba zai yi ba, don ba a zuba abinci inda mai ya kwana. Baƙin ƙarfe kuma tsatsa yake yi. Farin ƙarfe ake so, wanda aka yi wa wankan zinki, ruwa ba ya cinsa. Baba Obed na da ɗan ƙanwa, Micah, yana aiki a wani katafaren wurin ajiyar ƙarfe a Kaduna, inda masana'antu ke saye. Aka kira shi a rumfata, don nan ne waya ta fi kamawa. Aka buɗe murya kowa na ji, ni ina tankaɗe wake.

Micah yaro ne mai hankali. Ya ce baƙin, wanda ake murzawa da zafi, falle shida ya isa a yi wa rumbunan ƙafafu. Farin kuwa kada a saya falle-falle, ya fi tsada, ga yawan haɗi, ta haɗin nan ƙwari ke shiga. Gara a ɗauki naɗi guda yadda kamfanoni ke yi, a riƙa warwarewa ana yankan tsawon da ake so.

Ya ce, "Oga Nababa, wane kauri kake so?"

"Kaurin farcen babban yatsana."

Sai Micah ya ce, "Na dama ko na hagu?"

Nababa bai ga abin dariya ba, ya duba hannayensa biyu da gaske ya ce na dama. Suka dai daidaita. Sai yaron ya zo kan maganar da ta jawo mini asara.

"Mafi ƙanƙantar naɗin da muke da shi tan uku ne. Kuna da abin saukewa?"

Mu nan komai da buhu muke auna shi. Babur buhu ɗaya da ɗori, saniya buhu uku, ni kaina an taɓa ce mini na kusa buhu. Nababa ya ɗaga kai sama ya lissafa, tan ɗaya buhu goma na masara, uku kuwa talatin. Ya kwashe da dariya.

"Kai yaro! Buhu talatin kake tambayarmu? Ranar kasuwa 'yan dako huɗu ke sauke wannan kafin shayi ya huce."

"Amma Oga, ba kamar masara..."

"Turo kawai!"

Gaskiya ɗaya ce, ni ma na gyaɗa kai. Baba Obed ya gyaɗa, masu cin shinkafa suka gyaɗa. Mu kusan goma sha biyu a wurin, ba wanda ya tuna cewa buhu talatin ɗai-ɗai ake ɗaukarsu.

Ranar Alhamis da hantsi mota ta iso bayan tasha. Na bar tukunya a wuta na tafi kallo. Ikon Allah! Abu ne guda ɗaya tal zaune a tsakiyar mota, an ɗaure shi da sarƙa an tokare da katako, kamar an ciro bakin rijiya an kwantar, sai ƙyalli yake. Fallayen baƙin kam nan da nan aka sauke su. 'Yan dako shida suka hau suka zagaya naɗin. Babbansu ya dafa ya tura, ya sake turawa da kafaɗa, ya sauko ya karkaɗe riga ya ce shi ya tuna ana nemansa a gida.

Nababa ya tambayi direban, wani dogo mai suna Ƙasimu, "Ta ina ake kwance shi a raba?"

Ƙasimu ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Malam, a raba me? Da ƙugiyar inji aka ɗora shi, da ita ake sauke shi. Ina naku injin?"

Ba mu da shi. Duk faɗin garin ba wanda ya san inda za a samo. Ƙasimu ya nuna agogonsa ya ce ƙarfe biyu zai tayar da mota, da kaya ko ba kaya, don shi la'asar ba ta samunsa a cikin dajin hanyar Kaduna. In ya koma da shi kuma, sai an sake samun mota da layi, sati uku ko huɗu. Wato masarar gida arba'in ta kwana a ƙasa ke nan.

Baba Obed ya iso a bayan babur, wasu mutanen ƙauyensu na biye da shi. Ya dubi naɗin, ya dubi Nababa, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Nababa kuwa ya zauna a kan tayar mota, karo na farko a rayuwarsa ba shi da bayani. Wallahi tausayinsa ya kama ni, na ji kamar in sake goya shi. Kuma tausayin nan ne ya buɗe mini baki, da na sani da na cika shi da wake.

Na ce, "To su shanu da ake lodawa kullum, ɗaukarsu ake yi? Ba ga tudu can a kara ba?"

A kara akwai tudun ƙasa da aka tara daidai tsayin bayan mota. Mota ta ja baya ta jingina da shi, shanu su hau ta gangaren su shige. In saniya ta hau ta nan, me zai hana ƙarfe ya sauko ta nan? Nababa ya miƙe zumbur ya ce dama abin da yake tunani ke nan. Na ƙyale shi. Jumare sarkin kara ya yarda, ya sa aka kora shanu gefe.

Aka ja mota baya, aka shimfiɗa katako. Aka zura igiyoyin shanu ta ramin tsakiyar naɗin, maza ashirin suka riƙe ta baya don kada ya kuɓuce, wasu shida suka sa ƙarafa suna ɓanɓara. Nababa ya hau kan mota yana ba da umarni kamar shi ya ƙera ta. "A hankali! Ku tura! Ku riƙe!" Abin ya yi ƙara, ya motsa, ya mirgina sannu sannu, ya bar mota, ya zauna daram a kan tudu.

Wuri ya kaure. Namu suka ɗaga hannu suna kabbara, mutanen Baba Obed suka ɗaga nasu suna halleluya. Kowa ya ɗaga hannu fa, har da maza ashirin ɗin nan masu riƙe da igiya.

Ni na fara ganin ya motsa, don rumfata ce a ƙasan gangaren. Na kurma ihu, "Jama'a, ku fita!" Mutum uku ne a kan benci, suka watse kowa da kwanonsa a hannu, ɗaya har da cokali a baki. Naɗin ya taho ba gaggawa, igiyoyi na binsa a baya. Ya taka benci, ya taka murhu, ya bi ta kan babbar tukunyata da na saya tun auren 'yata ta fari, ya ture ginshiƙin rumfa, ya je ya zauna a kwatamin da nake zubar da ruwan wanke-wanke. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdulillahi. Tukunyar kuwa ta koma faifai, da shinkafar mutane a manne a jiki.

Kafin in gama zagi Ƙasimu ya kai bakin gari. Nababa ya matso yana sosa ƙeya ya ce, "Yaya, ai murhun ni na ƙera, dama ya tsufa." Na bi shi da ludayi har cikin shanu. Mutum mai shekara arba'in da bakwai, da furfura a gemu, yana ɓuya bayan bijimi.

Daga kwatamin nan ba mai iya fitar da naɗin, saboda haka rumfar Nababa ce ta taso ta same shi. Ya ari jak na babbar mota aka ɗaga, ya zura ƙarfen gindin tirela ta tsakiya, aka ɗora kan kututture biyu yadda zai juya. Da aka zo yanke ɗaurin da ya hana naɗin warwarewa, ya kira Micah, na ji da kunnena yana cewa, "Ɗana, wannan kam ban san shi ba, faɗa mini." Micah ya ce kowa ya tsaya a gefe, don bakin ƙarfen yana iya zabura ya tsaga mutum. Aka bi, ya zabura kuwa, ya tsaga iska.

Sati biyar suna bugu, shi da maƙera biyu da ya gayyato, daga asuba zuwa magariba. Shanu sun saba, ni ce ban saba ba. Kullum ina mita, kullum kuma ina zuba musu abinci a sabuwar tukunyar da ya saya mini ba don ya so ba. Hannunsa duk ya tsattsage, ya rame, wuya ya fito. Duk rumbun da aka gama, a ɗaure shi a bayan babur a nufi Randagi, yana walƙiya a rana, mutane na tsayawa kallo.

Baba Obed ya ce nasa ya zama na ƙarshe. Ranar da aka gama shi an riga an fara karya masara. Ya zo da kansa, ya zagaya rumbun, ya buɗe murfi ya leƙa, ya shafa jikinsa da tafin hannu. Sai ya nuna gefe da gefe.

"Nababa, ka sa masa hannu biyu, nan da nan."

Nababa ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, rumbu ne fa, ba tukunya ba. Wa ke ɗaukar rumbu?"

Dattijon bai yi dariya ba. Ya ce, "Ranar da muka fita daga ƙauye, na tsaya ina kallon nawa cike da dawa. Na zagaya shi sau biyu, ba inda zan kama."

Na ajiye ludayi, hawaye suka zo mini. Na sani, Nababa ya sani, shi kansa Baba Obed ya sani, cikakken rumbu ba hannun da zai ɗaga shi. Nababa bai faɗa ba. Ya jawo ragowar baƙin ƙarfe ya yanka, ya lanƙwasa, ya kafa hannu biyu masu ƙwari, ya ja ya ga sun zauna. Bai tashi daga wurin ba sai da ya lanƙwasa wasu saba'in da takwas. Washegari ya zuba su a buhu, ya ɗaura guduma a bayan babur, ya bi gidajen nan talatin da tara ɗaya bayan ɗaya.