Shafuka Biyun da Na Yage

Ni ne da laifi, wannan ba sai an yi gardama ba.

Shekarun baya, lokacin ina kabu-kabu a Anka, in rana ta take, fasinja suka yi wuya, sai mu kafe babura a inuwa in karanta mana littafi, don a tasharmu ni na ɗan fi daɗewa a makaranta. Littafin na abokina ne, shugaban ƙungiyarmu. Gadon mahaifinsa ne, bangon har ya yi laushi kamar tsumma.

Labarin wani jarumi ne da ya fi kowa kyau da ƙarfi, kuma ya sani. Duk rijiyar da ya wuce sai ya leƙa ya ga fuskarsa. Har gani yake sarkin da ya rene shi bai kai shi dacewa da gadon sarauta ba. Ina karantawa ina jin daɗi, domin a lokacin na fi kallon madubin babur fiye da hanya, kuma na ƙudurta sai na karɓe shugabanci daga hannun abokina, wanda shi ya koya mini tuƙi.

Wata rana na tafi da littafin gida na leƙa ƙarshensa. Ashe jarumin ya samu sarautar, amma mutanen gari suka kwashe kayansu suka bar shi yana mulkin ƙadangaru. Raina ya ɓaci. Na yage shafuka biyun ƙarshe na cusa ƙarƙashin katifa. Washegari na ce ɓera ya cinye, na ƙirƙiro nawa ƙarshen: wai kwana bakwai aka yi ana kiɗa don sabon jini ya karɓi gari. Abokina ya dube ni, ya karɓi littafinsa. Daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Ranar zaɓen ƙungiya ƙuri'a ɗaya na samu. Tawa.

Inna ce ta tsinci takardun za ta shanya katifa. Ba ta yi boko ba, amma labarin ɓeran ya riga ya iso ta. Ta miƙo mini, ta ce, "Ɓeran ga naka akwai tsabta, ko haƙori bai sa ba."

Na nufi tasha, na hau benci, na karanta musu ƙarshen gaskiya. Ina kaiwa kan ƙadangaru wuri ya kaure da dariya, wani har ya faɗo daga babur. Sarkin Ƙadangaru suka sa mini, kuma har yau ina amsawa da murna, don sunan ya fi kujerar yi mini amfani.

Abokina kaɗai bai yi dariya ba, amma na ga ya buɗe akwatin babur ɗinsa ya ciro littafin. Ashe kullum yana tare da shi. Na sauko, na durƙusa gabansa da takardun da ɗan ƙaro na mannawa.

Na ce, "Babu wani ɓera, ni ne. Littafin mahaifinka na yaga don son kujerarka. Don Allah ka yafe mini."