Gwangwanin Mulikatu a Hawan Aburi

Duk wanda ya san bakin babban kwalbatin unguwar Maamobi ya san rumfar Baba Gafaru mai faci. Tun da idonsa ya mutu, 'yarsa Mulikatu ce ke kan bencin. Kawunnanta sun yi surutu har sun gaji, wai mace ba ta zaman bakin titi da baƙin hannu. Ta ce wanda abin ya dama ya zo ya karɓi famfon buga iskar. Shekara tara ke nan, ba wanda ya zo.

Masu keken tsere ne suka sa mata ƙwaɗayi. Tana yi musu faci, tana shafa siraran tayoyin nan, har ta harhaɗa nata keken daga tsofaffin ƙarafa. Burinta ɗaya, a sa sunanta cikin ƙungiyar da ke hawan dutsen Aburi kowace safiyar Lahadi.

Jamal, shugaban ƙungiyar, mutum ne mai son a gan shi. Ya ce za a gwada ta sau ɗaya, in ta sa aka jira ta, shi ke nan. Sannan ya nuna gwangwanin da ta ɗaure ƙarƙashin sirdi ya yi dariya, ya ce yanzu sabon tiyub ake sawa, a fesa iska daga 'yar kwalba, minti biyu an wuce. Cikin gwangwanin akwai yankakken tsohon tiyub, sholisho, guntun samfefa, da cokula biyu da Baba ya daka da guduma don ɓare taya. Maganar ta yi mata zafi ƙwarai. Ta ce keken da gwangwanin tare suke tafiya.

Ranar Lahadi hawan ya gwada mata ƙarfi. Ita ce ta ƙarshe, numfashi na neman ƙwacewa, amma lissafinta ya nuna za ta kai kan dutsen kafin 'yan ƙungiyar su gama hutun shan ruwa. Tana shan wata kwana sai ga Jamal a gefen hanya, keke a kife. Tayarsa ta yi faci, ya sa sabon tiyub cikin minti biyun nan nasa, ya fesa iska, bai yi nisa ba ta sake sacewa. Tiyub ya ƙare, kwalba ta ƙare. Gaggawa ta hana shi abin da Baba Gafaru ke fara koya wa kowa, wato zagaya cikin taya da yatsa kafin a mayar da komai.

In ta tsaya, za a jira ta. Ta san haka sarai, ta ja birki.

Yatsanta ya zagaya sau ɗaya, ya fito da jini da 'yar siririyar waya. Ta nemo hujin, ta goge da samfefa, ta shafa sholisho, sannan ta naɗe hannu. Baba bai taɓa manna faci ba sai ya karanta Ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya, lokacin sholisho ya sha iska. Ta fara, a tsanake.

"Haba, Sista Muli, manna mana," in ji Jamal. "Suna jira."

Ta ci gaba da karatunta har ta cika goma sha ɗaya. Ta manna, ta danne da gindin cokali, ta mayar da taya, ta miƙa masa famfonta.

"Buga da kanka," in ji ta. "Ni na yi gaba."

Da ta iso kan dutsen mutane sun ƙosa. Wani ya duba agogo ya ce ta karya sharaɗi tun ranar farko. Mulikatu ta goge jinin yatsanta a jikin gwangwani, ta zauna a kan dakali, ta buɗe gorar ruwa.

"Ku ƙara haƙuri," ta ce. "Shugabanku na tafe a kan facina. In ya iso ya faɗa muku wa aka jira."