Uwarsa Fa?

Ni ban taɓa taka ƙofar gidan kallo ba, balle Inna, amma babu fim ɗin da aka haska a wancan gidan na cikin Rano da ba mu sha labarinsa ba. Yayana ne mai fassara a wurin. Tsayawa yake gefen talabijin, Turawa na magana yana juya wa jama'a da Hausa, har da ƙarin gishiri. Ranar da ba shi da aiki sai ya hawo kekensa zuwa Unguwar Gai, ya same mu a gindin darbejiya muna ɓarar gyaɗa. Ba ya taya mu, Allah shaida. Ci kawai yake yana zuba.

Waɗanda ya fi so su ne na lalacewar duniya. Ya ce duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, wanda ya ga guda ya ga saura. Da farko wata murya za ta gaya maka abin da ya cinye duniya, ko yaƙi ko fari ko annoba. Sai a nuna gari cikin katanga, kowa da kaya iri ɗaya, an ce musu iskar waje kashewa take. Mai mulkin ba ya tsawa, magana yake a hankali, tufafinsa fari tas.

Na ce, "To ina muguntar?"

Ya ce, "Uwar tsiwa, ai mugun da ya ƙoshi ba ya ɗaga murya."

Jarumin kuma, in ji shi, ba ɗan tawaye ba ne tun farko. Yaron gidan mai mulkin ne, shi ke raba ruwa ko tsaron ƙofa. Sai wani tsoho ya nuna masa ɗan abu, kamar gashin tsuntsu, shaidar akwai mai rai a waje. "Da kun ga tsoho ya yi kirki, ku fara yi masa addu'a, ba zai kai ƙarshe ba." Daga nan sai gudu, sai ƙofa, sai ya fita ya ga ciyawa koriya shar.

Ranar farko da ya kai nan ya yi shiru, Inna ta ɗago kai ta ce, "Uwarsa fa?"

"Inna, ba a nuna ta ba."

"Daga sama ya faɗo? Kai, tafi can. Ko a tatsuniya wanda ya shiga daji yana komowa gida ya faɗi abin da ya gano. Wannan labari ba shi da gindi."

Tun daga ranar, duk fim ɗin da Yaya ya kawo mana jarumin sai ya juyo. Zai ga waje lafiya lau, ya koma cikin katangar, ya goyo tsohuwarsa ya fito da ita. Inna ta ce, "Yauwa, ɗan halak." Ni kuwa da wautata na ɗauka Turawan ne suka yi hankali.

Da Shari'a ta zo mun yi murna, Yaya ma ya yi. Bayan wani lokaci aka rufe gidan kallon. Ba zan tsoma baki a wannan ba, masu ilimi sun fi ni sani. Abin da na sani shi ne Yaya ya dawo gida daga shi sai keke sai baki. Ya gwada noma, kunyarsa a karkace kamar tafiyar maciji, har maƙwabta na tsayawa dariya. Lokacin zaɓe ya riƙe wa wani ɗan takara lasifika, ya zaga Rurum da Yalwa har muryarsa ta dishe. Mutumin ya ci, ya canja lambar waya.

Sai Yaya ya fara zancen arewa. Wai ta Agadas ake bi, a ƙetare sahara, can akwai aiki. Na yi faɗa kamar zan ari baki. Na ce mutum nawa suka tafi aka ji ɗuriyarsu? Ya yi dariya ya ce, "Kin manta tsarin? Kullum ce wa na ciki ake yi iskar waje kashewa take."

Na ce, "Yaya, wannan fa ba fim ba ne!"

Inna ba ta hana shi ba. Da safen da zai tafi ta ƙulla masa soyayyar gyaɗa a leda, ta ce, "Ka dai san ƙarshen."

Ya ce, "Na sani, Inna."

Sau ɗaya ya kira, ta wayar maƙwabcinmu, ya ce ya isa Agadas, gobe za su hau mota. Shi ke nan. Mun tambayi duk wanda aka ce ya dawo daga can, mun yi sadaka, an yi sauka. Dangi suka ce a yi masa addu'ar mamaci a huta, Inna ta ce ba a gidanta ba. Na yi aure a Kibiya, na haihu, 'ya'yan suka girma, kekensa na nan jingine a zaure, Inna ta hana a sayar.

Wata rana da hantsi na ji ɗana na fari yana kallon fim a waya, irin mai fassarar Hausa. Na ji ana zancen katanga da rabon ruwa. Na ajiye tsintsiya na zauna kusa da shi. Komai yadda Yaya ya faɗa: farin tufafi, tsohon, har mutuwar tsohon. Aka buɗe ƙofa, yaron ya fita, ya yi ta tafiya bai waiwayo ba. Sai allon ya yi baƙi, sunaye suka fara hawa.

Na ce, "Saura fa?"

Ya ce, "Umma, ai ya ƙare."

Na sa ya nemo mini wasu. Duk haka. Babu wanda ya juyo, ko ɗaya. Wallahi haushi ne ya fara kama ni kafin kuka. Ashe Yaya ya san yadda suke ƙarewa, ya fi kowa sani, ya dubi idon Inna ya ce ya san ƙarshen.

Na je Unguwar Gai da niyyar ba zan faɗa ba, amma bakina ba ya riƙe magana. Na same ta a gindin darbejiyar, idon ya yi rauni, da lalube take ɓarar. Na gaya mata Yaya ne yake ƙara komowar nan, babu ita a fim.

Ko hannunta bai tsaya ba. Ta ce, "Na sani. Ba ki lura ba? In ya zo wurin sai ya daina cin gyaɗar."

"To me ya sa kike tambaya, Inna?"

"So nake in ji da bakinsa cewa ana komowa."

Sai ta turo mini ƙwaryar ta ce tunda na gani da idona, in ba ta labarin. Na fara daga muryar nan, na bi ta katangar, na binne tsohon, na kai yaron bakin ƙofa ya fita. Nan na tsaya.

Ta juyo da fuskarta wajena ta ce, "Uwarsa fa?"

Na ce, "Ya koma ya ɗauko ta, Inna."

Ta ce, "Yauwa." Ta laluba ta ɗauki wata gyaɗar.